"Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari": a kan wa wannan magana ta faɗa?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum, jama'a. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, gardama ta kaure a majalisarmu a Gusau tsakanin kawuna, wanda ya yi ritaya daga aikin ɗan sanda, da wani yaro ɗan kabu-kabu da aka riƙe wa babur a wani shinge, aka ce sai ya kawo na goro duk da cewa takardunsa sun cika. Yaron yana magana cikin ɗacin rai, har ya ce da ma zanga-zangar da aka yi wa SARS, rundunar 'yan sanda ta musamman mai yaƙi da fashi, a 2020 ta iso nan da ƙarfinta. Kawu ya ƙyale shi sai da ya kai aya, sannan ya ce masa, "Yaro, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari." Ina roƙon manya su warware mini, shin karin maganar ta zauna a wurinta, ko kuwa an ɗora ta ne a kan wanda aka zalunta?

Malamin Ƙaura: Wa alaikumus salam. A ganina kawunka bai kauce ba. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, direba nawa ne yake naɗe kuɗi a tafin hannu tun kafin ya iso shinge, ba tare da an tambaye shi komai ba? An rubuta a bangon caji ofis cewa beli kyauta ne, amma da zarar an kama ɗanmu sai mu nemo dattijo mu damƙa masa ambulan. Kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a kusa, kuma a watan Satumba na 2020 aka sa hannu a sabuwar dokar 'yan sanda da ta maye gurbin ta 1943, amma mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa tsayawa ya nemi haƙƙinsa da ita?

'Yar Mafara: Allah ya gafarta Malam, ban yarda ba. Daddawa tana cikin tukunyarta ɓera ya same ta, kuma ba ita ke riƙe da bindiga ba. Wanda ya miƙa kuɗi a shinge ya san abin da zai biyo baya in bai miƙa ba. A tuna da yaran da aka kama bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, aka tsare su wata da watanni, aka gurfanar da su a Abuja a farkon Nuwamba bisa zargin cin amanar ƙasa, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, sai da duniya ta yi caa sannan shugaban ƙasa ya ce a sake su. Ina warin da waɗannan yara suka yi?

Tsohon Sufeto: Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, abin da aka yi wa yaran nan ba wanda zai kare shi. Amma ku zo ku ga barikin da kurtu yake kwana da iyalinsa, ku tambaye shi wa ya saya masa takalmi, wa yake zuba mai a motar sintiri. An rushe SARS ranar 11 ga Oktoba 2020, kuma a lokacin gwamnonin Arewa sun nuna ba su so ba, saboda damuwarmu a nan ba irin ta Legas ba ce. Mutanenmu na yankin Tsafe in sun tare hanyar Funtuwa, kukansu shi ne a kawo musu jami'ai, ba a kwashe ba. Ni dai na binne abokan aiki da hannuna, kuma ba wanda ya fito titi dominsu.

Jikan Anka: Baba Sufeto, Allah ya jiƙansu. Wannan karin magana a bakin kakata na fara jin ta, kuma ita sana'arta ke nan, daddawa. Takan dafa kalwa tun yamma har wayewar gari, ta wanke, ta rufe ta a ɗaki sai ta nuna, sannan ta daka ta shanya, ranar kasuwa ta ɗauka a kanta. A zamanin En'e ne, lokacin duk ƙasar nan tana ƙarƙashin Sakkwato. Akwai wani ɗan doka, wato ɗan sandan En'e, da yakan tsaya a gaban faifanta kowace kasuwa, ya zaɓi guda biyu masu kauri, ya jefa a aljihu ya wuce. Ta ce ranar farko ma ba ɗauka ya yi ba, ita ce ta miƙa masa saboda ta ga yana kallo. Kakanmu ya so ya kai ƙara gaban hakimi, ta hana shi.

Wata shekara aka yi fari, haraji ya gagari ƙanenta, aka ɗaure shi a rana a ƙofar fada tare da wasu. Wannan ɗan dokan ne ya sassauta masa igiya, ya kawo masa ruwa a ɓoye, da dare kuma ya je ya nema masa alfarma har aka ɗaga masa ƙafa zuwa kaka. Sauran da aka ɗaure tare da shi ba su samu haka ba. Har ta rasu kakata ba ta daina juya wannan abu a ranta ba. Wani lokaci takan ce daddawarta ce ta ceci ɗan'uwanta, wani lokaci kuma ta ce ita ta koya wa yaron mutane cin haram, sai ta kawo wannan karin magana a kan kanta. Kishiyarta kuwa cewa take yi ba ta da laifin komai, talaka ba shi da garkuwa sai abin hannunsa.

Abin da ya kawo ƙarshen ɗaukar daddawar shi ne, wata rana ta haɗu da mahaifiyar ɗan dokan a gidan suna, ta ce mata cikin raha, "Iya, ɗanki yana son miyata." Daga ranar bai ƙara tsayawa a gaban faifanta ba sai da kuɗi a hannu.

Malamin Ƙaura: To ka ga hujjar masu neman 'yan sandan jiha ke nan. Ɗan dokan nan an san gidansu, an san uwarsa, akwai kunya a tsakani. Yau a ɗauko yaro daga wata uwa duniya, bai jin Hausa, bai san hanyar Dansadau ba, a ce ya tsare ku.

'Yar Mafara: Malam, ka tambayi tsofaffin 'yan NEPU, jam'iyyar adawa ta wancan zamani, abin da 'yan doka suka yi musu a lokutan zaɓe. Dalilin da ya sa aka narkar da su cikin 'yan sandan tarayya bayan sojoji sun karɓi mulki ke nan. Ka ba waɗannan gwamnonin namu 'yan sanda nasu na kansu, waɗanda ko albashin malaman firamare sai an yi da gaske, ka ga wanda za a fara kamawa in ba mai sukarsu a Facebook ba.

Bafaden Tsafe: Hajiya ta taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Akwai wani mai girma, ba zan kama suna ba, da na ƙirga jami'an da ke bayansa a wurin ɗaurin aure sun fi waɗanda ke tsaron gundumarmu baki ɗaya, har da mai riƙe wa uwargida jaka. Ku kuna ta rabon laifi tsakanin kurtu da ɗan kabu-kabu, dukansu biyu ba wanda ya ci ya ƙoshi. Ba a ma yi maganar mai ɗakin da ya bar tukunya a buɗe ba.

Tsohon Sufeto: Wannan kam ba zan musa ba. Sai dai ina jin tsoron abu guda. An ƙaddamar da Askarawan Zamfara, rundunar tsaro ta gwamnatin jiha, a farkon 2024, kuma kafin su mun ga yadda aikin 'yan sa-kai ya ƙara rura wuta tsakanin Hausawa da Fulani a wasu wurare, alhali duka 'yan gida ne da aka san iyayensu. Jikan Anka, ina da tambaya. Mutanen nan da aka ɗaure tare da ƙanen kakarka, waɗanda ba su da 'yar'uwa mai daddawa, ta taɓa faɗa maka yadda aka ƙare da su?