Ta ina ake kama nazarin adabin Amurka a faɗin duniya?

Ɗalibar Adabi:
Assalamu alaikum. Ana ta cewa kada a tsare adabin Amurka a cikin iyakar Amurka. To a aikace yaya ake yi? Gwama marubucinsu da na wata ƙasa ya wadatar?

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam. A gwamawar nan ɗalibai suka fi tuntuɓe: wannan ya yi maganar wariya, wancan ma ya yi, shi ke nan, ba hujjar cewa ɗaya ya taɓa karanta ɗaya. Ki ɗauki littafi ɗaya tak ki bi sawunsa: ina aka fara buga shi, yaushe, me aka cire. Dubi Moby-Dick na Herman Melville, labarin wani jirgin farautar kifin whale da ya nutse a teku. A Landan ya fara fitowa, Oktoba 1851, da sunan The Whale, wata guda kafin bugun New York, kuma babu shafin ƙarshe da ya nuna yadda mai ba da labarin ya tsira. Sai wasu masu sharhi a Ingila suka ce, in kowa ya nutse, wa ya kawo labarin? Wanda bai san wane bugu suka riƙe ba zai zaci ba su iya karatu ba ne.

Mai Fassara:
Ki kula da shekarar fassara, ba ta asali kaɗai ba. Marubucin Amurka Edgar Allan Poe ya mutu a 1849, amma yawancin Faransawa ta hannun marubucin waƙoƙinsu Baudelaire suka san shi, wanda kundin fassararsa na farko ya fito a 1856. In ba kya jin harshen da aka fassara zuwa gare shi, kada ki yanke hukunci kan salo. Tsaya kan gabatarwa da sharhin jaridu.

Dattijon Laburare:
Malam ya yi gaskiya, sai dai a ƙara tambaya ɗaya: wa ya biya? Taron marubutan Afirka na Jami'ar Makerere da ke Uganda a 1962, wanda marubucin waƙoƙin Amurka Langston Hughes ya halarta, ƙungiyar da ta ɗauki nauyinsa daga baya aka gano kuɗin CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, take karɓa. Wannan bai ɓata rubutun mahalartan ba, amma dole ya shiga babinki.

Kuma ba duka adabin Amurka ne yake da Turanci ba. Omar ibn Said, ɗan Futa Toro a Afirka ta Yamma da aka bautar a jihar North Carolina ta Amurka, da Larabci ya rubuta tarihin rayuwarsa a 1831. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa hotunan shafukan a intanet, sai ki ajiye su gefen fassarar ki bi layi-layi.