Ranar da ka fara nuna rufa-ido da karta a garinku, ya ta kaya?

Ɗan Gujungu:
Salamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya taɓa nuna wasan rufa-ido na karta a ƙauyensu don Allah ya ba mu labarin ranarsa ta farko. Bari in fara da tawa kunyar. Ni a waya na koya, wata uku ina fama da kati huɗu kacal, da dare in an watse daga majalisa sai in shige ɗaki in kunna tocila in yi ta juya su har maiɗakina ta fara tambaya ko lafiya. Abin da nake koyo shi ne ƙirgen Elmsley, wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Alex Elmsley ne ya fito da shi a 1959. Za ka ƙirga wa mutum kati huɗu a gabansa, ɗaya biyu uku huɗu, alhali uku kawai ya gani, na ukun bai taɓa leƙowa ba, na farkon kuma sau biyu ya wuce. Dabarar tana wajen ƙirge na biyu, a nan kake turo biyu a manne kamar ɗaya, a daidai lokacin kuma ka sulale da na farkon ya koma ƙasa.

To ran nan bayan la'asar muna gindin darbejiya na ce yau zan girgiza gari. Na zaro Whot guda huɗu, lamba daban-daban, na ƙirga su fuska a sama. Manya duk sun yi shiru, ni har na fara jin kaina, sai ɗan yayata ɗan shekara tara ya ce "Kawu ai bakwai ɗin nan sau biyu ta wuce." Wlh har mai rake sai da ya ajiye wuƙarsa don dariya. Daga baya na gane ashe kifa su ake yi, bayansu a sama, ko kuma ka sami katin da suka yi kama da juna, tunda dole ɗaya ya maimaita kansa.

Mai shayi, Kiyawa:
Hhhh Allah ya ƙara. Yara ai su ne bala'in wannan harka, babba yana kallon fuskarka yana sauraron surutunka, yaro kuwa hannu kawai yake bi. Kuma ga gajarta, daga ƙasa yake hango ka.

Malamin firamare, Dawakin Tofa:
Maganar mai shayi ita ce gaskiyar lamarin, kuma ita ce abin da bidiyoyin nan ba sa gaya mana. Su can mutum yana bayan teburi, 'yan kallo biyu ko uku suna gabansa, shi kenan. Mu kuwa a tabarma muke, wani na damanka wani na hagunka, wani ya dafa kafaɗarka yana leƙowa ta sama, wani yaro ya kwanta rub da ciki yana kallon ƙasan katin. Ni ranata ta farko ɗaga-biyu na yi, wato ka ɗago kati biyu a matsayin ɗaya ka nuna, ka mayar, ka ɗauki na saman ka cusa a tsakiya, sai ga wanda aka gani ya "dawo" sama. An ce da irin wannan wasan na katin da ke ta komawa sama Dai Vernon, wani mai rufa-ido ɗan Kanada, ya ruɗa shahararren mai rufa-idon nan Houdini da kansa, shi da ke cika bakin cewa ba a yi masa dabara sau uku bai gano ta ba. Ni kuwa abokin aikina da ke gefe ya hango kaurin bakin katin tun a karon farko. Bai tona ni ba, sai da muka hau mashin za mu koma gida ya ce "Malam katinka ɗaya ya yi ƙiba."

Yanzu in zan yi sai na jingina da katanga, in sa kowa ya dawo gabana, in kuma an ƙi to na fasa. Kuma na daina yi da tsakar rana, tsakanin magariba da isha da fitilar sola ɗaya ya fi.

Bawan Allah daga Wudil:
Ni tawa ba nunawa na yi ba, ni aka nuna wa, kuma da kuɗina na biya kuɗin makaranta. Shekaru da suka wuce ranar Juma'a kasuwar garinmu na sayar da akuya, kuɗin na aljihu da ɗuminsu, sai na tarar an yi da'ira a bayan tasha, 'yan wala-wala ne da kati uku a kan kwali, biyu baƙaƙe ɗaya ja, ka nuna jan ka ci. Ina tsaye wani ya sa ya ci, wani dattijo da carbi a hannu ma ya sa ya ci, kuma ni duk jefawar da aka yi ina ganin inda jan ya faɗa. Can sai mai katin ya juya yana tofar da yawu, wani ya yi wuf ya lanƙwasa kusurwar jan ya ƙifta min ido. Na ce ai wannan arziki ne ya zo har gida. Na zube rabin kuɗin akuya kan mai lanƙwasa, aka buɗe, baƙi ƙirin. Kafin in dawo hayyacina an ce ga hukuma nan, kwali ya yi gabas mutane sun yi yamma, har da dattijon nan mai carbi, tare suka tafi.

Haushin abin ne ya sa na zauna na koya. Ashe kati biyu yake riƙewa a hannu ɗaya, ɗaya a saman ɗaya, idonka ya ba ka na ƙasan ya jefa amma na saman ya saki. Lanƙwasar kuma da yatsa yake miƙar da ita yana jefawa ya lanƙwasa wani. Duk masu cin nan nasu ne. Yanzu ina yi wa samarin unguwarmu kyauta, in bar su su faɗi sau biyar sannan in nuna musu a hankali. Akwai wanda bayan na nuna masa ƙiri-ƙiri ya ce shi dai yana ganin nasu na kasuwa da haɗin layu. Ban ce masa komai ba.

Ɗan Gujungu:
Kai Allah ya mayar da alheri Yaya. Mu ma ranar Lahadi a kasuwarmu ba a rasa su lokacin kaka in manoma sun sayar da riɗi.

Uwar 'yan biyu, Ringim:
Ku bari mata ma su sa baki. Ni ba na iya wannan na saurin hannun, nawa na lissafi ne, ƙanina ne ya koya min da ya zo hutu. Kati 21, ka jera su layi uku bakwai-bakwai, mutum ya zaɓi ɗaya a ransa ya gaya maka layin da yake kawai, ka tattara ka sa layin nan a tsakiyar sauran biyun, ka sake rabawa ɗaya-ɗaya, sau uku za ka yi haka, katinsa zai zama na 11 ko da wa ya zaɓa. Na yi wa yara ranar sunan ƙanwar maigidana, mata suka taru, sai ga Inna uwar mijina ta ce ita ma a yi mata. Da na zaro katinta wallahi sai ta ja da baya tana a'uzubillahi, ta ce "'yar nan yaushe kika fara duba?" Ranar ko tuwon da na tuƙa ba ta ci ba. Washegari na je ɗakinta na durƙusa na gaishe ta, na ba ta katin a hannunta na ce Inna ke za ki yi min yau, ina faɗa mata tana jerawa. Da ya fito a na 11 sai ta yi shiru, can ta ce "to miye amfaninsa?" Amma da yamma na jiyo ta tana yi wa jikokinta, har tana rufe ido tana motsa baki kamar mai karanto wani abu.

Tela, Sumaila:
Hhh Inna ta fi ku iya sana'ar. Ni dai matsalata daban. Mahaifinmu ko ganin karta ba ya son yi, a wajensa karta da caca abu ɗaya ne, ya taɓa tsintar ta a aljihun wandona ya jefa a murhu bai ko tambaye ni ba. Kuma ban ga laifinsa ba, ya ga gonakin da ta cinye a garin nan. To sai na koma tara katin waya da aka riga aka kankare, girmansu ɗaya bayansu ɗaya, na sa wa ɗaya alama da jar biro. Da su nake ƙirgen Elmsley ɗin. Sun ɗan yi ƙanana kuma ba sa sulɓi, amma Baba da kansa ya zauna ya kalla har ya ce in sake. Ban sake ba, dabara ɗaya ba a yin ta sau biyu a zama ɗaya.

Malamin firamare, Dawakin Tofa:
Tela in ya matsa sai ka sake, akwai mafita. Bayan ƙirgen Elmsley katin da ka ɓoye ƙasa yake komawa, to akwai ƙirgen Jordan, shi na ƙasan yake ɓoyewa kuma ya mayar da shi na uku. Ka ga sai ka bi ɗaya da ɗaya ba tare da ka tsaya gyara jeri ba. Amma ka ƙware a na farkon tukuna, ni haɗa su da na yi da wuri sai da yatsuna suka rikice na mako biyu.

Mai shayi, Kiyawa:
Ni ina da ja kan masu tona asirin dabara. Na Yayanmu na Wudil na yarda, wannan ceton aljihun jama'a ne. Amma sauran fa? Ni a teburina nake yi wa masu shan shayi, ranar da na nuna wa wani yadda ake yi, kwana biyu duk tasha ta sani, in na ɗauko kati sai a ce "biyu ya ɗaga." Daɗin ya tafi. Abin da nake yi yanzu, kafin in fara sai in ce jama'a ba aljani ba layu ba kuɗi, hannu ne kawai, wanda ya gano na ba shi shayi da madara kyauta. Iyakata kenan.

Uwar 'yan biyu, Ringim:
Malam mai shayi kai a tasha kake, ni a gidan miji nake. In ban tona ba sai a ce na je wajen boka.

Wani manomi, Gezawa:
Kowa da inda takalmi ke matsa masa. Ni da na ji ana ta ƙus-ƙus sai na ɗauki katin na tafi wajen limaminmu bayan sallar asuba na yi masa, sannan na warware masa komai. Ya yi dariya ya ce ba laifi in dai ba kuɗi a ciki kuma ban ce wa kowa ina da wani iko ba, kuma kar ya kai ni ga makara a sallah. Daga ranar magana ta mutu.

Abin da ya fi damuna yanzu hannu ne. Da damina kanta ta cika min tafi saboda fartanya, katin kuma ya sha raɓa ya kumbura ya manne, ka turo biyu uku su biyo. Da hunturu kuma yatsu su bushe ƙamas katin ya dinga zamewa, na shafa basilin sai ya ɓata min kati gaba ɗaya, duk ya yi dabbare-dabbare. Wani ya ce in nemi kati samfurin Bicycle irin na bidiyo, na zaga kasuwar Kwari da Sabon Gari ran da na shiga birni ban dace ba, sai na leda masu santsi kamar sabulu na samo.

Ɗan Gujungu:
Basilin kam a'a Baba. Ni kofin shayi mai zafi nake riƙewa na ɗan lokaci kafin in fara, ko in hura wa yatsuna iska, ya isa. Da damina kuma a leda nake ƙulle su in danne da dutsen guga. Ɗan yayar nan tawa da ya tona ni, yanzu shi nake zaunarwa a gabana ya kwanta a ƙasa yana leƙe, duk ranar da ya kama ni naira hamsin ce. Satin nan ya ci 150.