Jama'a a agaza: me za mu kira operating system da Hausa?

Mai Shirin Fasaha:
Assalamu alaikum. Dan Allah masana a taimaka min, gobe ƙarfe tara na safe zan naɗi shirin rediyo kan masu tsohuwar kwamfuta. Kun san tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta janye tallafin da ta saba ba Windows 10, ita kuma Windows 11 ba kowace kwamfuta take hawa ba sai mai ɗan guntun tsaron nan da ake kira TPM 2.0, to ina so in nuna wa mutane zaɓin da ya rage musu, ko su koma Linux ko su sayi Mac ko su zauna haka nan. Shi kansa operating system ɗin ne ya cije min, na rubuta na goge har na gaji. Ba na so in yi minti ashirin ina "o es, o es" mai sauraro bai san me nake nufi ba.

Ɗalibin Injiniya:
Wa alaikumus salam. Tsarin aiki mana, ai fassarar kenan kai tsaye.

Malamar Hausa:
A'a ƙanena. Ka ce wa mutum "tsarin aikina ya lalace" zai ɗauka jadawalin ofis ne ya rikice maka. Ni babbar manhaja na saba ji, kuma ta zauna, tunda manhaja ta riga ta shiga bakin mutane.

Ɗalibin Injiniya:
Anti ai babba girma yake nunawa. Akwai wasannin kwamfuta da suka fi Windows cin wuri nesa ba kusa ba, su ma babbar manhaja ce kenan?

Malamar Hausa:
Babban gida ɗakuna ake ƙirgawa? Babban mutum tsawo ake aunawa? Muƙami ne ba jiki ba.

Dattijo Mai Kishin Harshe:
Duk kun kauce. Manhaja ba Hausa ba ce, kuma asalinta tsarin karatu take nufi. Ni na daɗe ina cewa a kira abin nan AKALA. Ita ke jan na'urar, ita ke raba wa kowane aiki lokacinsa da wurinsa a ƙwaƙwalwa, ita ke magana da allo da firinta. Akalar Windows, akalar Linux. Kalma ɗaya, gajera, tamu. Amma 'yan boko ba sa son abin da ba shi da ƙamshin aro.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Baba ranka ya daɗe, na'urar da ka faɗa yanzu ita ma daga Larabci muka samo ta, allo ma haka, firinta kuwa ba sai an faɗa ba. In za a kori baƙi yau gidan zai yi fili fa.

Dattijo Mai Kishin Harshe:
Yaro, baƙon da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gari. Faransa hukuma guda ta kafa tun 1635 tana tsare harshenta, mu kuwa duk abin da aka jefo mana sai mu cafe.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Wlh Baba ni akala ta yi min daɗi a kunne, amma matsalarta ana riƙe ta ne daga waje, wani ne ke ja. In akwai akala a kwamfuta to linzamin nan ne da ke hannunka da kibod. Shi kuwa wannan abin a ƙasa yake, komai a kansa ake ɗorawa, shi ya sa in ka bar Windows ka koma Linux Mint hotunanka da takardunka za su bi ka in ka kwafe su, amma Photoshop da Microsoft Office ba za su bi ka ba sai dai ka rungumi GIMP da LibreOffice ko ka yi ta kokawa da Wine, manhajar da ke ƙoƙarin kunna kayan Windows a kan Linux, Mac kuwa tana da nata Photoshop da Office ɗin, sai dai can macOS ba a raba ta da kwamfutar Apple, sai ka sayi injin gaba ɗaya. Ni da uwar manhaja aka ce da ya fi, tunda sauran duk a cinyarta suke.

Malamar Hausa:
Uwa haihuwa take yi. Windows ce ta haifi Chrome?

Mai Gyaran Kwamfuta:
Uwar riƙo ce Hajiya.

Ɗalibin Injiniya:
Tunda an zo nan, Linux fa a ƙa'ida ba operating system ba ne, kernel ne kawai, wato ɓangaren can ciki da ke hulɗa da injin kai tsaye, da Linus Torvalds ya fara a 1991, sauran kayan yawanci na aikin manhaja mai 'yanci na GNU ne. Android ma a kansa take zaune. To kernel ɗin me za a ce, ƙwaya ko cibiya?

Mai Shirin Fasaha:
Don girman Allah kar ka buɗe min wata ƙofar, ɗaya ma ban rufe ba. Abin da nake buƙata kuma shi ne switching da dual boot.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Wannan mai sauƙi ne. Switching sauya sheƙa. Dual boot raba ƙafa, wato Windows da Linux a kwamfuta ɗaya, kana kunna ta ƙaramar manhajar da ake kira GRUB ta tambaye ka yau ina muka nufa. Kuma Malam ka gaya musu su fara gwada nau'in Linux irin su Ubuntu ko Mint daga filash kafin su goge komai, ba ya taɓa abin da ke cikin hard disk ɗin.

Malamar Hausa:
Raba ƙafa ta yi, na sa hannu. Sauya sheƙa dai za su ɗauka labarin siyasa aka shiga, ka ce ƙaura kawai.

Dattijo Mai Kishin Harshe:
Kun ga da kuka so ai kun samo Hausa tsantsa. Akala ce kawai ba ta da gata.

Mai Shirin Fasaha:
Baba a yi haƙuri, lokaci ya ƙure. Zan tafi da babbar manhaja, a farkon shiri in ce ita ce manhajar da ke riƙe da akalar kwamfuta, kowa ya samu nasa. Ƙaura da raba ƙafa sun shiga. Kernel ba zan ambace shi ba sam.

Dattijo Mai Kishin Harshe:
An ba ni jela an tafi da raƙumin. To Allah ya ba da sa'a, amma ni a rubutuna akala zan ci gaba da sawa.

Ɗalibin Injiniya:
Cibiya dai nake gani ta fi ƙwaya, in wani yana nan har yanzu.