Wa ya san mai hoto na kirki a Kano? Bikin ƙanwata ya matso

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Bikin ƙanwata saura sati biyar, kamu ranar Alhamis, ɗaurin aure Juma'a in an sakko daga masallaci, Asabar yini da kai amarya. Mai hoto muke nema wanda wata a nan ta gwada da kanta, ba wanda aka gani a Instagram kawai ba. Ba za a yi dina ba, Baba ya hana.

Ummu Sudais: Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri ya nuna mana lokacin.

Anty Rabi: Baba ya kyauta wallahi, kuɗin hol ɗin a ƙara mata a kayan ɗaki ya fi.

Bilkisu Zazzau: Ku dai Kanawa kuɗin ne ba kwa son fitarwa, sai a laɓe da Baba ya hana 😂

Anty Rabi: Bilkisu yi mana shiru, baiwa ba ta sa baki in iyayen gijinta na magana.

Yaya Hauwa: Maman Ilham zauna ki ji abin da ya same mu, don har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Bikin 'yata ta fari, ƙawarta ta kawo wani yaro, ba zan kama suna ba, ya nuna mana hotuna a waya masu kyau kamar me, muka ba shi kuɗinsa cif tun kafin biki wai zai yi hayar kamara ta biyu da fitilu. Ranar ɗaurin aure, kun san abin ba ya wuce minti goma, wakili ya nema waliyyi ya bayar a faɗi sadaki a shafa fatiha shikenan, shi kuma wai yana maƙale a cunkoson Ƙofar Nassarawa, ko da ya iso an watse sai yara masu tsintar alawa. Na ce ba komai, ai maza sun ɗauka da wayoyinsu. Daren kai amarya Hajiyarmu ta sa aka kawo mata yarinyar ɗakinta, ta riƙe hannunta tana mata nasiha, ta ɗora hannu a kanta tana sa mata albarka, kowa na kuka, da idona na ga ya ɗauka har ina cewa a raina wannan shi zan sa a firam. Aka gama biki, sati biyu shiru, wata guda shiru, kullum na kira sai ya ce Hajiya ana gyara su, daga baya ma ya daina ɗaga waya. Sai da babanta ya je shagon da kansa sannan ya faɗi gaskiya, ashe washegari Lahadi yana da wani bikin, yaronsa ya goge memorin kaf bai juye ba. Abin da ya rage mana 'yan hotunan kamu da ya turo ta WhatsApp, su ma in ka buɗe su da girma sai su dushe. Wata huɗu bayan nan Hajiya ta rasu. Ba mu da hotonta ko ɗaya da jikarta a kayan amarci. Ya zo yana rantse-rantse zai dawo da kuɗi, na ce ya riƙe, me zan saya da su?

Ummu Sudais: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Hajiya.

Maman Ilham: Amin Yaya, wallahi jikina ya yi sanyi, mu ma kakarmu na nan ta kusa casa'in.

Fati Mai Kamara: Yaya Hauwa Allah ya ba ku haƙuri, na ji kunya a madadin 'yan sana'armu. Maman Ilham duk wanda za ku ɗauka ki tambaye shi kamararsa memori biyu take ci? Akwai masu ajiye kowane hoto a kati biyu lokaci guda, in ɗaya ya lalace ɗayan na nan. Kuma a daren ya juye a kwamfuta kafin ya kwanta. Rabin kuɗi kafin biki, ciko sai kin karɓi filasha da albam a hannunki, ranar karɓa a rubuta ta. Kar ki yarda da WhatsApp kaɗai, matse hoto yake yi. Sai ki haɗa shi da mutum ɗaya daga dangi wanda ya san kowa, domin mai hoto bai san wace ce goggo wace ce maƙwabciya ba, zai bi masu ƙyalƙyali ne ya bar tsohuwa a lungu.

Anty Rabi: Ki ƙara da cewa ya bar mutane da kalarsu. Amaryarmu baƙa ce kyakkyawa, aka kawo albam ta koma kamar Balarabiya, uwarta ma sai da ta sake dubawa.

Fati Mai Kamara: Anty wani lokacin amaren ne ke cewa a ƙara musu haske. Babban abin da ke kashe mu mai kwalliya ce, a ce kamu ƙarfe huɗu, amarya ba ta fito ba sai ana kiran magariba, hasken la'asar da hoto ya fi kyau a cikinsa ya wuce.

Zee Kwalliya: A'a Fati kar ki ɗora mana, amarya ce za ta zo sha biyu ta zo biyu da ƙawaye shida kowacce a yi mata.

Bilkisu Zazzau: To firi wedin fa, hoton ango da amarya kafin biki? Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa suna kyau da kayan saƙi, ginin ƙasar nan yana fito da mutum.

Malama Asma'u: Bilkisu ki ji tsoron Allah, kafin a ɗaura ai ba muharraminta ba ne, a rungume juna a watsa duniya ta gani, in an fasa auren kuma hoton na nan yana yawo. In dole sai an yi, a bari bayan ɗaurin aure.

Bilkisu Zazzau: Malama ni ban ce a rungume kowa ba fa.

Malama Asma'u: Kuma kamu da sa lalle mace ya kamata ta ɗauka, mata na zaune ba mayafi.

Ummu Sudais: Ku kula da bidiyon liƙi ma, dokar Babban Bankin Najeriya (CBN) ta 2007 ta hana watsa naira da taka ta, aƙalla wata shida a gidan yari ko tarar aƙalla dubu 50 ko duka biyun, kuma tun 2024 EFCC ta matsa a kai. Mu kwano muka ajiye.

Anty Rabi: Da masu hoton bakin ƙofa da ba wanda ya gayyace su, su wanko su baza a ƙasa, wanda ba a saya ba oho inda zai ƙare.

Fati Mai Kamara: Ni hoton da na fi so a duk aikina ba amarya ma a ciki. Ana fitar da ita zuwa mota 'yan rakiya na guɗa, na waiwaya sai na hango mahaifinta shi kaɗai a soro, ya juya wa mutane baya yana goge ido da hannun babbar riga, mutumin da tun safe fuskarsa a ɗaure. Na ɗauka ban faɗa wa kowa ba. Da amaryar ta zo karɓar albam da mijinta ta buɗe shafin, ta daɗe ba ta ce komai ba, shi kuma ya ce in wanke musu shi babba.

Yaya Hauwa: Allah sarki.

Maman Ilham: Fati ke kina da fili a satin? Har yanzu fa ba wadda ta ba ni suna.

Fati Mai Kamara: Alhamis ina da fili Anty, Asabar ɗin ce an riga ku, amma bari in tuntuɓi wata da muke aiki tare.

Zee Kwalliya: Mai lalle fa, kun samu?