Neman kalma: lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta

Maman Khalil: Assalamu alaikum malamai. Jibi za mu ɗauki shirin lissafi na 'yan sakandare a rediyo nan Jos. Me za mu kira prime number, wadda ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, da composite number, wadda wata lambar ma ke raba ta? Misalin darasin 4,294,967,297.

Malamin Lissafi, Farin Gada: Wa alaikumus salam. Fara da cika da mara, yara sun san su. Ƙarshenta 7, mara ce ke nan, 2 ba ta raba ta, 5 ma haka. Ki tara alƙalumanta goma, 59 za ki samu, kuma 3 ba ta raba 59 sai da saura, ita ma ta fita. A nan ɗalibai kan ruɗu su ce ba ta rabuwa. Masanin lissafi Fermat ma haka ya zata, sai a 1732 wani masanin, Euler, ya nuna 641 sau 6,700,417 ce. Ni dai "marar rabuwa" da "mai rabuwa".

Yaya Talatu: Malam, rediyo ne fa, ba allo. Kunne zai haɗa "mara" da "marar rabuwa". Ga 9 mara ce amma 3 sau 3 ce, ga 2 cika ce amma prime ce.

Baban Ummi: Gagara-rabo! Kamar gagara-gasa. Na daɗe ina faɗa muku.

Yaya Talatu: Rabo kuma, Baba? Sai a ce lambar ba ta da sa'a. Kuma 1 ma ta gagari rabo, alhali ba a lissafa ta ciki. Sharaɗin masu raba ta biyu ne cif, 1 da ita kanta.

Ɗan Dilimi: A ce firam kawai mu huta, shi za su gani a jarrabawa.

Baban Ummi: Kun ji irinta. Da haka ake mana dariyar Hausar Jos. A Kano wa zai yarda da firam?

Ɗan Dilimi: Kanawan da ke cewa sifili da biliyan? Daga kakanninsu suka gada?

Malamin Lissafi: Ku bar wannan. Tubali fa? Duk lambar da ta wuce 1, ko tubali ce ko an gina ta da ninka tubala, ta hanya ɗaya tak. Prime ce tubali, sai composite ta zama ginanniya. Malama, ki gaya musu gwaji ba ya wuce 65,536, don 65,536 sau 65,536 ya ba da 4,294,967,296, saura 1 ya kai lambar. In akwai mai raba ta, dole a same shi daga nan zuwa ƙasa, kuma tubala kaɗai ake gwadawa.

Maman Khalil: Na gode. Zan ce lambar tubali da ginanniyar lamba, in ambaci firam sau ɗaya saboda jarrabawa.

Baban Ummi: Tubali aikin magina ne. Ki yi shirinki, amma a ajina gagara-rabo ce.

Yaya Talatu: Ginanniya ma ban gamsu da ita ba, ta yi nauyi a baki. Bayan shirin a sake dubawa.