Wata biyar da rasuwar Inna, har yau ban samu zama na yi kukanta ba

Maman Ummi, Tudun Jukun

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karatu a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya fi ƙarfina.

Mahaifiyata ta rasu wata biyar ke nan a gidanmu na Kwarbai, cikin birnin Zariya. Ranar Talata ce. Ƙarfe bakwai saura ta kira ni, ina durƙushe ina yi wa auta wanka, ruwan koko na tafasa, mai Keke na ta danna oda a ƙofar gida. Na ɗaga na ce, "Inna ina kwana, mun makara, zan kira ki an jima." Ta ce, "To, Allah ya yi albarka." Ban kira ba. Ana kiran azahar ƙanena ya bugo ya ce in taho, Inna ta faɗi wajen alwala. Kafin in shiga Ƙofar Doka rai ya yi halinsa. Bayan la'asar aka kai ta.

Ni ce 'yar fari, don haka kwana ukun nan na zaman makoki a tsaye na yi su. Ni ce neman tabarmi, ni ce raba abincin da maƙwabta suka aiko, ni ce rarrashin ƙannena mata. Kowa ya shigo sai ya ce, "Ke ce uwa yanzu, ki daure." Na daure. Ran sadakar uku da daddare na koma gidana saboda yara na jarrabawa, kwana bakwai na koma aji, don ni ma koyarwa nake a firamare.

Tun daga nan ban zauna ba. Maigida a Kaduna yake aiki, sai Juma'a yake zuwa. Yara huɗu, ga surukata da ke tare da mu tana fama da ciwon suga, girkinta daban. Ƙarfe huɗu da rabi na tashi, in na dawo makaranta a ɗora tukunya, a kora yara Islamiyya, a tare 'yan garuwa, a duba littattafan 'yan aji. Sau da yawa a kan sallaya barci ke sace ni ban gama addu'ar da na fara yi mata ba. Kuka kuwa sai dai in na shiga wanka, in yi na minti biyu, wani ya buga ƙofa.

Makon jiya Ummi ta saki wani kwanon tangaran da na ɗauko a ɗakin Inna, ya tarwatse. Na dake ta dukan da ban taɓa yi mata ba. Ummi fa mai sunan Inna ce. Auta kuma, da yake Inna "maigidana" take ce masa, kullum sai ya tambaye ni yaushe matarsa za ta dawo daga unguwa.

Don Allah waɗanda suka ga irin wannan, yaya kuka yi? Rashin tawakkali ne ke damuna? Kuma wayar nan da na katse mata, ita ta fi komai ci mini rai.

Abu Hafsat

Allah ya jiƙanta. Ki yi haƙuri, kowa hanyar ke nan. Makoki kwana uku ne a Musulunci, in ba matar da mijinta ya rasu ba. Kuma an ce ana yi wa mamaci azaba da kukan iyalansa. Ki share hawaye ki riƙe 'ya'yanki.

Malamin Islamiyya, Gyallesu

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Inna, ya sa ta huta.

Malam Abu Hafsat, niyyarka alheri ce, amma maganar na buƙatar gyara, kada mu ƙara wa baiwar Allah nan kaya. Kwana ukun da aka iyakance na barin ado ne da zaman nuna juyayi, kamar yadda mai takaba ke yin wata huɗu da kwana goma. Ba wanda aka ce ya cire baƙin ciki daga zuciyarsa ran na huɗu, don ba a hannunsa yake ba. Abin da aka hana shi ne kururuwa, da marin fuska, da yaga tufafi, da furta maganar da ke nuna ƙin hukuncin Allah. Hadisin azabar mamaci kuwa, malamai da yawa sun ɗora shi a kan irin wancan kuka, musamman ga wanda ya yi wasiyya da shi ko ya san al'adar gidansu ce bai hana ba. Nana A'isha ma ta ja da fahimtarsa a kan kowa da kowa, ta kawo ayar da ta ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ke cikawa, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa ya yi kuka har na kusa da shi suka yi, alhali yana ɗan shekara shida ta rasu. Ki lissafa shekarun da ke tsakani, Malama. To wata biyar nawa take?

Batun addu'ar da barci ke katse miki, ba sai kin jira dare ba. Sujadar da kike yi sau biyar ɗin nan, ki sa ta a ciki, ko da "Allah ka gafarta wa Inna ka yi mata rahama" ne kawai. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce aikin mutum na yankewa in ya mutu sai abu uku: sadaka mai gudana, ilmin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Bai ce sai ɗan da ya samu hutu ba. Sannan akwai wata biyayya da mutane ke mantawa da ita, wato sada zumunci da aminan iyaye bayan ransu. In Inna na da aminiya, ki neme ta.

Kakar 'yan biyu, Samaru

'Yata, na karanta maganarki sau biyu. Ni tsohuwar nas ce, na yi ritaya. Babana ya rasu a 1998 ina aikin dare, ina goyon 'yan biyu, sai da na miƙa aiki da safe aka gaya mini. Irin daurewarki na yi, har ana yabona. Bayan kusan shekara na yanke jiki na faɗi a kasuwar Samaru ina cinikin tattasai, aka auna jinina ya hau. Abin da aka danne bai tafi ko'ina ba, wuri yake nema.

Dukan da kika yi wa Ummi ba na kwano ba ne, ke ma kin sani. Ki kira ta ɗaki ku biyu ki ba ta haƙuri, ba zai rage miki girma ba. Ki gaya mata kwanon na kakarta ne shi ya sa. Za ki sha mamakin abin da yarinyar ke riƙe da shi, don ita ma ta yi rashi, kuma tana ganin fuskarki tana jin tsoron ambaton sunan. Auta kuwa a daina ce masa unguwa ta tafi. Yaro zai yi ta jiran mai unguwa, wata rana ma ke in kin ce za ki unguwa ya ƙanƙame ki. Ki ce masa Inna ta rasu, ta koma wurin Allah, ba za ta dawo ba, addu'a muke yi mata. Zai sake tambaya gobe, ki sake faɗa masa haka.

Sai maganar da ta fi ba ni haushi da mu mata: ba ma roƙon taimako, sai mu jira a gani. Ba za a gani ba. Maigidanki da ke zuwa Juma'a ya tarar da tuwo da wanki a goge, shi a wurinsa kin warware. Ki zaunar da shi ki ce masa ba ki warware ba. Surukarki tana da 'ya'ya mata ko? A ce ɗaya ta zo ta karɓi girkin uwarta ran Asabar. Ke kuma ki ɗauki mayafinki ki shiga birni ke kaɗai, ba goyo ba rakiya, ki buɗe ɗakin Inna ki zauna. Kada ki tafi da niyyar shara ko gyara, don na san halin 'yan fari, da kun shiga sai tsintsiya.

Ki je a auna jininki a makon nan. In kuma kika ga barci ya ƙaurace miki kwana da kwanaki, abinci ba ya shiga, kina rama, ko zuciya ta fara raya miki gara ki bi ta, to wannan ya wuce na shawara a waya. Ki ga likita, a asibitin koyarwa na Shika akwai masu duba irin wannan damuwa. Zuwa wurinsu ba hauka ba ne.

Ɗan Kasuwa, Sabon Gari

Yaya, ki yarda in sa baki duk da ni namiji ne. Mu da ke zuwa maƙabarta ana ganin kamar mun fi ku samun sauƙi, tunda mun gani da ido. Ni na shiga kabarin Baba na karɓe shi da hannuna, hawaye ko ɗigo. Ran na huɗu na buɗe shago, saboda ƙanne bakwai sun dawo kaina, ga nawa uku, ga kuɗin makaranta.

Sai bayan wata takwas, wata rana ina cikin lissafi ya rikice mini, na ɗauki waya na danna lambarsa kamar yadda na saba. Ta shiga. Wani ya ɗaga yana magana da yaren da ban ji ba. Ashe in layi ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na sayar wa wani. Na ja ƙofar shago na rufe kaina a ciki, na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. In wayar Inna na nan, ku riƙa sa mata kati kuna ɗan kira da ita, ko ku kwashe abin da ke ciki tun yanzu.

Abin da ya riƙe ni tun daga lokacin, randa biyu na ajiye a ƙofar shago, kullum da safe na sa a cika su da niyyar ladan ya kai masa. 'Yan dako da almajirai ke sha. Ba ya cin mini lokaci, kuma duk sanda na ji ƙarar moɗa sai na ce Allah ya jiƙan Baba.

Maman Ummi, Tudun Jukun

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi shiru kwana goma ne don ina so in gwada kafin in dawo.

Hajiya, gaskiyarki. Da na gaya wa Abban Ummi, shiru ya yi, can ya ce wallahi ya ɗauka na fi kowa haƙuri a gidanmu. Ƙanwarsa ta zo daga Hanwa ran Asabar. An auna jinin, ya ɗan hau, sun ce in koma bayan mako biyu. Ummi kuwa da na ba ta haƙuri sai ta tashi ta ɗauko gutsattsarin kwanon a cikin jakar makarantarta, ashe tsincewa ta yi ta ɓoye.

Na shiga birni. Ɗakin na nan da ƙamshin turarenta, carbinta a rataye a ƙusa. Na yi awa biyu a ciki, ban taɓa tsintsiya ba. Daga nan na bi shawarar Malam na leƙa wurin aminiyarta, wadda muke kira Gwaggo, gida uku tsakaninsu. Ban yi niyyar faɗa mata zancen wayar ba, bakina ne ya suɓuce. Sai ta ce, "Au, wannan? Ai ina zaune ta kira ki. Daddawa aka kawo mata daga ƙauye, take so ta ji ko za ki aiko a karɓa ko ta ba yaro." Ta ce da Inna ta ajiye wayar cewa ta yi, "'Yar nan ba ta hutawa, Allah dai ya ba ta masu yi mata."

Kun san alkunyar ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba tunda nake, ba ta taɓa yabona a gabana ba, "ke" ce ko "'yar nan". Gwaggo ta ce ba ranar da za su zauna ba ta kawo zancena ba. A cinyar tsohuwar nan na yi kukan, ta bar ni har na gaji, ba ta ce mini daure ba ko sau ɗaya.

Daddawar na nan a cikin tukunyar ƙasa a bayan ƙofa, a ƙulle a leda, ƙannena sun ce in ɗauka tunda da sunana aka ajiye. Jiya na sa ɗaya a miyar kuka. Saura goma sha ɗaya.

Auta na gaya masa yadda kika ce, Hajiya. Ya saurara, ya ce to wa zai riƙa ba shi alewa ran Juma'a. Na ce Gwaggo ta ce in kawo mata shi, ita ma tana neman miji. Juma'ar nan za mu je in Allah ya kai mu. Ɗan Kasuwa, wayar na hannun ƙanena, na sa ya saka mata kati.