Gandoki: tarihi ne ko tatsuniya?

Tsohon Hedimasta: Assalamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke cina. Jikokina sun haddace sunan kowane barde a fina-finan yaƙin Turkiyya da ake fassarawa, har da sunan dokinsa. Na tambaye su wane ne Gandoki, babbansu ya ce ko ɗan ƙwallo ne. Wallahi raina ya ɓaci. Malam Bello Kagara ya rubuta mana littafin tarihin yaƙi mai suna Gandoki tun gasar rubuta littattafai ta 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na ƙanensa Abubakar Imam. Yau kowa Imam, Imam, an mance da wan. Ni dai na ce a fagen labarin yaƙi ba a sake yin kamarsa a Hausa ba. Wanda ya karanta yadda Gandoki ya gwabza da sojojin Turawa bai ji tsigar jikinsa ta tashi ba, to a duba shi. Allah ya jiƙan Malam Bello, Walin Katsina.

Uwar Biyu: Amin Baba. A aji muka karanta shi, malaminmu har miƙewa yake yi idan ya zo wurin kirari.

Ɗalibin Samaru: Baba Allah ya ƙara girma, amma “tarihi” fa? Littafin da jarumin ya bar ƙasar Hausa, ya yi aikin hajji, daga nan ya faɗa duniyar aljanu shi da ɗansa Garba Gagare? Ƙagaggen labari ne. A kira shi da sunansa.

Tsohon Hedimasta: Yaro, Kwantagora ƙage ce? Bida ƙage ce? Turawa ba su ci su a 1901 ba? Sarkin Musulmi Attahiru bai yi hijira gabas ba?

Ɗalibin Samaru: Duk an yi, Baba. Amma sanya sunan gari na gaskiya a labari ba ya mayar da shi tarihi. In haka ne, duk labarin da aka ambaci Kano a ciki ya zama tarihin Kano ke nan.

Mai Shagon Littattafai: Kai ɗalibi, rabin farko ai tarihi ne, rabin ƙarshe ne na aljanu. A raba gardama.

Ɗalibin Samaru: Ba a sayar da tarihi rabi-rabi, Alhaji, ba atamfa ba ce.

Mai Shagon Littattafai: To aljanun ma ƙarya ne? Ka kiyayi bakinka, akwai sura guda da sunansu.

Ɗalibin Samaru: Subhanallahi! Yaushe na ce babu aljanu? Cewa na yi ba a kafa hujjar tarihi da su.

Uwar Biyu: Ku dai 'yan jami'a komai sai kun yi masa fiɗa. Mu daɗi muka ji, shi ke nan.

Ɗan Gwari: Tunda an zo kan tarihi, bari in sa baki. Wane tarihin? Na wanda ke kan doki, ko na wanda doki ya bi ta kansa? Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse da ake zuga mayaƙansa, ƙauyukan kakanninmu ya riƙa kai wa hari yana kama bayi. A wurinku jarumta ce, a wurinmu tsofaffi har yau ba sa ambaton zamanin da murmushi.

Bakwantagore: Malam, ka iya bakinka. Sarkin da ya tsaya wa Bature lokacin da wasu ke shimfiɗa masa tabarma shi kake zagi?

Ɗan Gwari: Ban zagi kowa ba. Abin da ya faru na faɗa.

Bakano Zalla: “Wasu” ɗin nan da ke shimfiɗa tabarma, ai kowa ya san su. Zagezagi ina kuke? Ku fito ku amsa sunanku.

Bazazzagi: Ga ni, bawana. Mu dai 1902 Turawa suka shigo Zariya, kuma hare-haren shi Nagwamatsen ne suka sa Sarki Kwasau ya nemi ɗaukinsu. Ku fa? Ranar da aka fasa ganuwar Kano a Fabrairun 1903 ina Sarki Alu yake? Ba ya gari!

Bakano Zalla: Sakkwato ya je, ba gudu ya yi ba. Kuma ka je ka tambayi abin da aka yi a Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya yi shahada. Ku ko harsashi ɗaya an harba a Ƙofar Doka?

Bahaɗeje: Ku duka ku zauna. Mu sai 1906 aka iya da mu, kuma a fagen daga Sarki Muhammadu ya cika. Katsinawa kuwa ko ƙura ba ta tashi ba.

Shugaban Zaure: Bahaɗeje, ka fara ko? Zan cire ka.

Bahaɗeje: Ranka ya daɗe, wasan taubashi ne.

Jikan Mai Wurno: Ina gaishe ku daga Sudan. Ku kuna gardama a kan littafi, mu sakamakon yaƙin ne da kanmu. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da sauran jama'a, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogin Nilu. Ban taɓa riƙe littafin ba, amma in ya ambaci hijirar nan, to tarihi ne.

Ɗalibin Samaru: Kun ji ko? Bai karanta ba, amma ya yanke hukunci.

Malama Mai Adabi: Bari in ɗan taimaki ɗalibina, ko da yake bakinsa ya yi kaifi. Ku tuna hannun wa littafin ya bi kafin ya fito. Rupert East ne ya shirya gasar, ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka. Shekara talatin kacal tsakanin Burmi da gasar, waɗanda suka ga yaƙin da idonsu suna raye. Bahaushe ba zai rubuta cewa jaruminsa ya kori Bature ba, don bai kore shi ba, kuma ko ya rubuta ba za a buga ba. Ni a ganina shi ya sa Malam Bello ya kai Gandoki inda takobi ke da sauran amfani. Abin da bindiga mai ruwa ta hana shi a gida, ya je ya same shi a can. Wannan ai gwaninta ce, ba aibi ba.

Bakwantagore: Wato Malama kina nufin tsoron Bature ya ji?

Malama Mai Adabi: A ina na ce tsoro?

Bakwantagore: Ma'anar ke nan. A janye.

Tsohon Hedimasta: Ikon Allah. Ni maganar jikokina na kawo.

Mai Shagon Littattafai: Baba, ina da kwafi, ka aiko a karɓa. Wanda duk ke so ya yi mini magana ta gefe.

Uwar Biyu: Alhaji ko a gidan makoki sai ya yi ciniki.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, zan rufe. Abin da na fahimta: kusan kowa ya yarda Gandoki tarihi ne, sai mutum ɗaya, shi ma karatu ne bai gama ba. An kuma tabbatar da cewa Katsina ce gidan ilimi, tunda a Kwalejin Katsina marubucin ya koyar, a nan kuma ya yi Wali. Rashin yaƙinmu da Turawa hangen nesa ne, kowa ya gani. Maganar Ɗan Gwari ba wurinta ba ne. Bahaɗeje kuma an yi masa afuwa a wannan karon.

Ɗalibin Samaru: Ranka ya daɗe, mutumin Kagara ne fa, can jihar Neja.

Shugaban Zaure: Na ce an rufe.